Auna Gini Tun Yana Kan Takarda: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 

An umurce ni in yi muku bayani yau a kan wani sha'ani wanda in mutum ya ji shi da fari sai ya ce na injiniyoyi ne kaɗai, alhali kuwa ya shafi kowane ofis da kowace makaranta da kowane ɗakin shan magani da ke cikin gundumominku. Sha'anin nan shi ne na manhajojin kwamfuta waɗanda a ke auna gini da su, a san yawan lantarki da man da zai ci, a kuma san inda za a gyara don cin nasa ya ragu. Ni ɗa ne a gabanku, ba zan kuwa koya muku gini ba. Abin da zan yi shi ne in nuna muku yadda kayan aikin nan su ke, da abin da su ke iyawa, da inda su ke kasawa, da kuma rabon da ku da malamanku ku ke da shi a cikin aikin.

Kowa a cikinku ya san irin ginin da na ke nufi. An kashe kuɗi masu yawa, an ɗora bulo da siminti, an aza kwano, an buɗe manyan tagogin gilashi suna duban yamma, ran buɗewa aka yi taro aka yaba. Amma da bazara ta kama, tun kafin azahar sai ka ga ma'aikata sun fito da tebur gindin darbejiya, yara sun yi laushi a aji, majiyyaci kuwa ya gwammace ya kwanta a baranda. Sa'an nan a ce a sayo na'urar sanyaya ɗaki. Na'ura ta ce sai da janareta, janareta ya ce sai da mai, mai kuwa sai da kuɗi kowane wata har ginin ya tsufa. Kuɗin gini sau ɗaya a ke biyansa, amma kuɗin zafin da aka gina a cikinsa ba ya ƙarewa.

Bari mu yi ɗan lissafi don maganar ta fito fili. Na'urar sanyaya ɗaki wadda ke jan kilowat 1, in ta yi awa 8 tana aiki ba tsayawa, ta ci yunit 8 ke nan. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko zuwa Naira 225 kowane yunit. Bisa ga wannan farashi, na'ura ɗaya ta ci Naira 1,800 a yini, a kwanakin aiki 22 kuma Naira 39,600. In ofis yana da irinta 10, kuɗin ya doshi Naira 400,000 a wata. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, wanda ya dogara ga ƙaramin janareta shi ma ya san abin da ya ke biya. Ba mu kaɗai ke cikin wannan ba, gama an ƙiyasta gine-gine suna cin kimanin kashi 30 cikin 100 na dukan makamashin da a ke amfani da shi a duniya.

To, mece ce manhaja? Manhaja ita ce jerin umurnin da a ke rubuta wa kwamfuta ta bi, kamar yadda malamin haraji ya ke da ƙa'idar da ya ke bi wajen haɗa jimla. Asalin irin waɗannan da mu ke magana a kansu daga wahala ya fito. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana wa Amurka da waɗansu ƙasashe mai, cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga wajen Dala 3 zuwa kusan Dala 12. Sai mutanen ƙasashen nan suka farga da cewa manyan gidajensu na gilashi suna cin makamashi kamar wuta ta kama tsauri, ba kuwa wanda ya san ainihin inda ya ke zurarewa. Gwamnatin Amurka ta sa masana aiki. Sojojinta suka fito da manhaja mai suna BLAST, wata cibiyar bincike a Berkeley ta jihar Kalifoniya kuma ta fito da DOE-2, duka a cikin shekarun 1970. A Jami'ar Wisconsin aka yi TRNSYS, wadda ta fito a 1975. Daga baya, a 1996, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fara haɗa abin da ya fi kyau a cikin BLAST da DOE-2, ta fito da sabuwar manhaja a 2001, sunanta EnergyPlus. Kyauta a ke samunta, kuma a kanta zan kafa misali, domin da yawa daga cikin manhajojin da masu zanen gini ke riƙe da su, irin su OpenStudio da DesignBuilder, ita ce ke yi musu lissafi a ciki.

Manhajar nan ba ta fara kome sai an amsa mata tambayoyi huɗu. Ta farko ita ce siffar ginin: tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, ina ya fuskanta, tagogi nawa ne, a wane bango su ke. Ta biyu ita ce kayan da aka yi shi da su: bangon na ƙasa ne ko na bulo, kaurinsa nawa, rufin kwano ne ko soro, da silin ko babu, wane launi aka shafa. Ta uku ita ce yanayin garin. Wannan wani kundi ne da a ke haɗawa daga awon shekaru da dama, a fid da shekara guda matsakaiciya, a rubuta zafi da laima da iska da ƙarfin rana na kowace awa, awa 8,760 cif. Ta huɗu ita ce al'adar masu zama a ciki: mutum nawa ne, da ƙarfe nawa su ke shiga su fita, fitilu nawa su ke kunnawa, wane kayan lantarki ke aiki. Kada ku raina wannan ta huɗu, gama babban mutum a zaune yana fid da zafi kimanin wat 100, watau ɗakin taro mai mutum 50 kamar an hura murhu ne mai kilowat 5 a tsakiyarsa.

In an ba ta waɗannan, sai ta bi shekara awa bayan awa, ko ma a tsakanin 'yan mintoci, tana lissafa zafin da ya shiga ta kowane bango da rufi da taga, da wanda bango ya riƙe, da wanda iska ta kwashe. A ƙarshe ta ce ga yadda zafin kowane ɗaki zai kasance a kowace awa, ga kuma yunit nawa za a ci in ana so a sanyaya shi. Aikin da zai ci wa malami shekaru da alƙalami, ita cikin 'yan mintoci ta gama shi.

Amma babban amfaninta yana wajen gwaji. Mai zane ya ce, to, in na juya ginin nan fa? Ya juya shi a cikin kwamfuta, ya sāke lissafi. In na shafa wa kwano farin fenti fa? In na sa silin da abin tare zafi a bayansa? In na rage gilashin yamma, na ƙara baranda? Kowane ɗaya ya gwada shi kaɗai, ya rubuta abin da ya rage da abin da zai ci na kuɗi, sa'an nan a zaɓi wanda ya fi riba. Duk wannan ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Juya gini a kan takarda aikin yini guda ne, amma in an riga an zuba harsashi, sai dai haƙuri.

Me irin wannan gwaji ke nunawa a ƙasa irin tamu? Ku ɗauki Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A watan Afrilu zafin rana ya kan kai digiri 40, da hunturu kuwa sanyin asuba ya kan sauko ƙasa da 15. Sau biyu a shekara rana ta kan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin lokutan nan biyu ta arewa ta ke ratsawa, sauran shekara kuma ta kudu. Saboda haka gini mai hawa ɗaya ta rufi ya fi shan zafi, don haka gyaran rufi ne a kan gaba. Bangon kudu da na arewa suna da sauƙin kārewa, domin rana tana sama in ta zo kansu, 'yar rumfa kaɗan ta ishe su inuwa. Na gabas da na yamma ne masu wuya, gama da hantsi da la'asar rana tana ƙasa, tana shiga taga kai tsaye. Don haka a ke so tsawon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, a kuma ƙuntata tagogin yamma.

Na san akwai masu murmushi a cikinku, suna cewa ai magina sun san wannan tun kaka da kakanni. Gaskiya ne. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya yi a ƙarni na 19, ya ji sanyin da bangon ƙasa mai kauri ke bayarwa. Dalili shi ne ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta barinsa ya iso ciki sai bayan awoyi, sa'ad da gari ya yi sanyi har a iya buɗe ƙofa iska ta kwashe shi. Manhaja ba ta zo ta ƙaryata magina ba. Abin da ta ƙara shi ne adadi. Magini ya san soro ya fi kwano sanyi, ita kuwa tana iya cewa da digiri kaza, a wata kaza, kuɗinsa kuma Naira kaza. Da adadi a ke shawo kan ma'aji da ɗan kwangila.

Ba dukan manhajojin nan ne ke da wuyar sha'ani kamar EnergyPlus ba. Akwai masu sauƙi. Wani reshe na Bankin Duniya ya yi wata mai suna EDGE, wadda a ke shiga ta intanet kyauta, a zaɓi ƙasa da irin gini, ta nuna abin da kowace dabara za ta rage. Ma'auninta shi ne gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na makamashi da na ruwa, in an gwada shi da ginin da aka saba yi a wurin. Gwamnatin Kanada kuma ta fito da RETScreen a 1998. Ita wannan ta fi ƙarfi wajen maganar kuɗi: in an sa farantan hasken rana, ko an sāke fitilu, shekara nawa za a yi kafin kuɗin da aka kashe su dawo.

Akwai kuma iri na uku, wanda ya fi kusa da aikin malamai, domin shi na ginin da ya riga ya tsaya ne. Hukumar kāre muhalli ta Amurka ta yi wata mai suna Portfolio Manager. A kan zuba mata takardun kuɗin wuta na wata 12 da girman ginin, ta gwada shi da sa'o'insa, ta ba shi maki daga 1 zuwa 100. Mai 50 yana tsakiya, mai 75 ko fiye shi a ke yaba wa. Makin nan da gine-ginen can aka auna shi, ba zai yi daidai da namu ba, amma dabarar kowa na iya ɗauka, ko da alƙalami. A ce ofis ɗaya mai faɗin murabba'in mita 200 ya ci yunit 12,000 a shekara, wani mai 300 shi ma ya ci 12,000. Na farko yana cin 60 ke nan a kowane murabba'i, na biyu 40. In aikinsu iri ɗaya ne, ruwa ba ya tsami banza, sai a je na farkon a duba.

Yanzu ga gargaɗi, ina kuwa roƙo a riƙe shi fiye da kome da na faɗa. Manhaja ba ta da ido, abin da aka gaya mata shi ta ke lissafawa. In an ce mata mutum 30 ke zama a aji alhali 90 ne, za ta ba da amsa tsaf, da zane mai kyau, amsar kuwa ƙarya ce. In an ba ta yanayin Legas aka ce na Sakkwato ne, haka. Ba ta san ƙurar hunturu ta rufe farantan hasken rana ba, ba ta san masinja ya tafi ya bar na'ura a kunne har gari ya waye ba, ba ta kuwa san ɗan kwangila ya rubuta silin a takarda ya ƙi sawa ba. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro su an sha ganin gini ya ci fiye da abin da aka lissafa masa, saboda irin waɗannan dalilai. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Maganin wannan shi ne a gwada lissafin kwamfuta da abin da mitar wuta ta nuna da gaske, a yi ta gyara abin da aka gaya mata har su yi kusa da juna. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, wadda a ke kira ASHRAE, ta sa ƙa'ida cewa in da awon wata-wata a ke gwadawa, kada karkatar lissafi ta wuce kashi 5 cikin 100 a jimla. To, ina za a sami awon wata-wata in ba wanda ya rubuta shi? Nan ne aikin ya dawo hannun malamai. Injiniya mai kwamfuta in ya zo bai tarad da rajista ba, sai ya yi ƙiyasi, ƙiyasinsa kuwa ba ya fi na kowa.

Ku kuma sani maganar nan ta shiga dokokin ƙasarmu. A 2016 ma'aikatar tarayya mai kula da lantarki da ayyuka da gidaje a lokacin ta fito da littafin jagora kan rage cin makamashi a gini, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, a 2017 kuma ta fito da ƙa'idar ƙasa a kan haka. Daga cikin abin da ƙa'idar ta tanada akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a kuma sa abin tare zafi a rufi. Ta bar wa mai gini hanya biyu: ko ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ko ya nuna da lissafin kwamfuta cewa gininsa ba zai ci fiye da wanda ya bi su ba. Saboda haka in kun nemi a nuna muku lissafi, ba ku nemi abin da ya wuce ƙa'ida ba.

Na san ba ku ne ke ba da kwangila ba, amma ba a yanka fili ko a aza harsashin makaranta a gundumominku ba da saninku ba, ana kuma jin maganarku a ƙaramar hukuma da cikin ƙungiyoyin gari. Don haka ga abubuwa biyar da a ke roƙonku.

Na farko, kowane ginin jama'a a buɗe masa rajista. Ran 1 ga kowane wata malami ya rubuta abin da mitar wuta ta nuna ko yunit ɗin da aka saya, da litar man da aka zuba wa janareta, da awoyin da ya yi yana aiki, da kwanakin da ba a sami wuta ba. Kada a tsallake wata ko ɗaya.

Na biyu, a ƙirga kayan lantarkin da ke ciki, fitilu da fankoki da firji da na'urorin sanyaya ɗaki, a rubuta wat ɗin da ke jikin kowanne. Daga wannan kaɗai za a ga abin gyara. Tsofaffin ƙwayaye 20 masu wat 60, in suna ci awa 5 kullum, suna shan yunit 2,190 a shekara. In an musanya su da na zamani masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi kusan daidai, abin da za su sha bai kai 330 ba.

Na uku, in an kawo muku zanen sabon gini, ku tambayi mai zane: ina ya fuskanta, me aka sa a ƙarƙashin kwano, an auna shi da manhaja ko ba a auna ba, in an auna da yanayin wane gari, mutum nawa kuma aka ce za su zauna ciki. Wanda ya yi aikinsa ba zai ji haushin tambaya ba.

Na huɗu, kada a fara da sayen na'ura. A fara da inuwa da silin da farin fenti da dashen itatuwa ta yamma, sa'an nan a lissafa girman na'urar sanyaya ɗaki ko farantan hasken ranar da a ke bukata. Ginin da aka rage wa zafi ƙaramar na'ura ta ishe shi, wanda ba a rage wa ba kuwa kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Na biyar, in an gama gyara a ci gaba da rubuta rajista shekara guda, a gwada da ta bara. Gani ya kori ji. In alkawarin da aka yi ya cika, a gaya wa maƙwabta su yi koyi. In bai cika ba, ga shaida a hannu.

Akwai samari a garuruwanku da suka karanta zanen gini da injiniyanci a Zariya da Kano da sauran wurare, waɗansunsu sun iya manhajojin nan. A nemo su, a haɗa su da tsofaffin magina da malamin da ke riƙe da rajista, kowa ya kawo abin da ya sani. Yaran da za su zauna a ajin da za a gina bana, da matan da za su kwanta a ɗakin haihuwa cikin bazarar shekaru 30 masu zuwa, ba za su san wanda ya yi tambaya tun ginin yana kan takarda ba, amma su ne za su ji daɗinta.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan.